Yadda Masana Ke Gane Tsohuwar Kwalba

A watan Disamba na 1985, a gidan gwanjon Christie's da ke Landan, aka sayar da kwalbar giya guda ɗaya tak a kan fam 105,000. An zana 1787 a jikinta, da haruffan "Th.J.", aka ce wai ta Thomas Jefferson ce, shugaban Amurka na uku. Bayan kimanin shekara ashirin, wani attajiri mai suna Bill Koch, wanda shi ma ya sayi irinta, ya sa aka bincika. Masu bincikensa suka ce da na'ura mai aiki da lantarki aka zana haruffan. Jefferson kuwa tun 1826 ya rasu.

To, me masani ke dubawa? Da fari yakan kifa kwalbar ya dubi gindinta. A zamanin da ake hura gilashi da baki, maƙeri kan manna sandar ƙarfe a gindin don ya riƙe kwalbar ya gyara bakinta. In ya ɓalle sandar sai ta bar tabo mai kaushi. Daga nan sai layin da mazubi ke bari. A 1821 Henry Ricketts na Bristol ya yi rajistar mazubi mai sassa uku, wanda ke barin layi kewaye da kafaɗar kwalba. Da injin Michael Owens ya fito a Amurka a 1903, layin ya riƙa haurawa har saman baki. Kwalbar da aka ce ta ƙarni na 18 ce, alhali layinta ya kai baki, ta tona asirin kanta.

Sai dai mayaudari mai wayo ba ya ƙera sabuwa. Tsohuwa ta gaske yake samowa, ya ƙara mata suna, domin sunan ake saye. A nan ne, a ganina, tarihin hannuwan da kwalba ta bi ya fi gilashinta muhimmanci: wa ya mallake ta, yaushe, ina takarda?

Hardy Rodenstock, Bajamushen da ya fito da kwalaben, ya ce a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa da aka toshe a Paris aka tsince su, amma bai taɓa faɗin gidan ba. Masu kula da Monticello, watau gidan Jefferson, sun duba littattafan da yake rubuta sayayyarsa dalla-dalla, ba su ga shaidar cewa nasa ne ba.