Karayar Idon Sawu a Jikin Tsofaffi: Abin da Hoton Ƙashi Ke Nunawa

A ƙauyukan Batsari da Safana, idan tsohuwa ta zame a bakin rijiya ƙafarta ta kumbura, wurin mai ɗori ake fara nufa. Zai lalluba, ya ce targaɗe ne ko karaya, ya ja, ya jera karare ya ɗaure. Akwai gwanaye a cikinsu, amma hannu ba ya jin yadda cikin ƙashi yake. Faɗuwar da yarinya za ta tashi ta karkaɗe zaninta, me ya sa ta karya 'yar shekara 70?

Ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki na rushe tsoho yana gina sabo. Da shekaru suka ja, rushewa takan fi ginin yawa, musamman ga mace bayan ɗaukewar al'ada. Sai ƙashin ya zama kamar itacen da gara ta ci: waje lafiya lau, ciki duk ramuka. Ba ciwo, ba zazzaɓi, sai ranar da ya karye.

Na'urar da aka fi dogara da ita wajen auna ƙarfin ƙashi ita ce DEXA, wadda ta fito a 1987. Takan auna ƙugu da ƙashin baya, ta kwatanta da na matashi mai lafiya. A 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da cewa makin da ya kai 2.5 ƙasa da sifili alamar cutar zaizayewar ƙashi ce. Sai dai na'urar ƙalilan ce a Nijeriya, a manyan birane take, ga kuma halin da hanyoyin gefen dajin Rugu suka shiga na rashin tsaro.

Saboda haka hoton ƙashi na yau da kullum, wanda dama za a ɗauka don ganin karayar, ya cancanci a yi masa kallo na biyu. Ƙasusuwan ƙwauri biyu ne suka sauko suka haɗa idon sawu. A hoto, ɓawon kowannensu yakan fito fari fat a gefe da gefe, ɓargo a tsakiya da duhu-duhu. Idan likita ya ga farin layin ya sirance a saman gaɓar, ya sami dalilin zargi. Hoton na da iyaka, don ba ya nuna zaizayewa sosai sai ƙashi ya rasa kusan kashi 30 cikin 100. Hoton siti sikan ya fi shi, domin yana ba da lamba bisa ma'aunin Hounsfield, Baturen Ingilan da ya ƙirƙiro na'urar.

Wannan sani yakan canza aiki. Ƙusa ba ta kama ruɓaɓɓen ƙashi da kyau, don haka likitan Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, yakan zaɓi irin ƙarfen da zai sa, da lokacin da mara lafiya za ta fara taka ƙafa. A ganina, abin da bai kamata a tsallake ba shi ne tambayoyin da ke biyo baya: tana da ciwon suga? Tana samun nono, miyar kuka da zogale? Tana fita rana? Ta daɗe tana shan ƙwayoyin sanyin ƙashi irin su Dexamethasone daga kemis? Waɗannan ƙwayoyi kan kwantar da ciwon gwiwa, amma shan su wata da watanni yana cinye ƙashi, kuma ba a daina su farat ɗaya sai da umarnin likita.