Wayar Gwanjo a Kasuwar Suki: Abin da Ba Ya Fitowa Ranar Ciniki

Mai sayen buhun dawa ko galan na man gyaɗa a kasuwar Suki, garin da ke jihar Sennar ta Sudan, sau da yawa ba takardun kuɗi yake zarowa daga aljihu ba. Waya yake zarowa, ya buɗe Bankak, manhajar Bankin Khartoum, ya tura kuɗin, ya juya fuskar wayar ga mai kaya ya ga shaida. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsabar kuɗi ta yi wuya, canjin takardun jine 500 da 1000 da aka fara a Disamba 2024 kuma ya ƙara tura mutane ga asusun banki. Wanda ba shi da waya mai manhaja yau, sai ya jingina da ta maƙwabci kafin ya karɓi abin da ɗansa ya turo masa daga Jidda.

Ga shi kuwa wayoyin garin da yawa sun tafi. Dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin gwamnati, sun shiga Suki a watan Yuli 2024, sojoji suka karɓe shi a Oktoba, kuma a duk inda wannan yaƙi ya ratsa, waya na cikin abin da ake fara ƙwacewa a shingen hanya. Mutane sun dawo gida hannu rabbana. Sabuwa a kwali ta fi ƙarfin manomi, dole ya nufi teburin masu gwanjo.

Kayan teburin nan daga wurare dabam-dabam suke. Hausawan wannan yanki na Kogin Nilu Shuɗi, tun daga Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, har Suki da ƙauyukan Jazira, mutane ne masu dangi a kowace kusurwa: Saudiyya, Masar, Habasha, har Kano. Ta wannan hanyar zumunci wayoyi ke shigowa cikin jakar matafiyi. Wasu kuma 'yan kasuwa ne ke saro su kwali-kwali daga Dubai, inda tsofaffin wayoyin Amurka da Turai ke taruwa. Akwai kashi na uku da ba a cika son ambata ba, kayan wawaso, irin wanda ya cika kasuwannin da 'yan Sudan suka laƙaba wa sunan Dagalo, wato sunan shugaban RSF.

Cinikin kansa kusan iri ɗaya ne a kowane tebur. Dattijo ya ɗauki wayar ya juya ta, ya shafa gilashin da babban yatsa, ya tambayi baturi. Yaron shago ya ce, "Baba, wannan fes take, duba da kanka." Ya latsa lambar dattijon, tsohuwar Nokia da ke aljihun jallabiya ta yi ƙara, kowa ya gamsu. Amma layin da ke cikin wayar na mai shago ne, dattijon bai sa nasa ba. A nan ake yawan faɗawa rami.

Kamfanonin waya na Amurka irin su AT&T, Verizon da T-Mobile suna ba mutum waya ya biya kaɗan-kaɗan, su kuma kulle ta kada ta karɓi layin kowa sai nasu har ya cika sharaɗi. Kanada ta hana wannan ɗabi'a a Disamba 2017, Birtaniya ta bi sahu a Disamba 2021, amma a Amurka tana nan. Irin wannan waya idan aka sa mata Zain, Sudani ko MTN, sai ta ce ba ta san layin ba, ko ta nemi lambar buɗewa. Galibi kamfanin da ya kulle ne ke buɗe ta har abada, shi ma sau da yawa sai an gama biyan bashin. Masu gyara suna da dabara: wani ɗan faranti siriri kamar ɓawon albasa, R-SIM, da ake shimfiɗawa tare da sim don ya yaudari iPhone. Yana aiki, ba ƙarya, har ranar da aka canja layi ko wayar ta sabunta manhajarta, sai sandunan sabis su ɓace. A ƙasar da sadarwa ta ɗauke kusan gaba ɗaya a Fabrairu 2024, inda mutum kan ajiye layi biyu ko uku yana gwada wanda ya kama, wayar da ba ta jure canjin layi rabin waya ce. Haka iPhone 14 da na bayanta da aka sayar a Amurka, tun 2022 ba su da ramin sim ko kaɗan.

Baƙin kundi wani abu ne dabam. Kowace waya tana da lamba mai alƙaluma 15, IMEI, wadda take bayyana idan aka latsa *#06#, mai layi biyu kuma lamba biyu gare ta. Idan aka sace waya a Landan, mai ita ya kai rahoto, kamfaninsa ya sa lambar a kundin ƙungiyar GSMA, kamfanonin da ke duba kundin su daina ba ta sabis. Ba kowane kamfani a duniya ke dubawa ba, abin da ya sa wayoyin sata ke tsallaka teku ke nan. Saboda haka waya tana iya yin shekara tana aiki lafiya a Sennar, ranar da mai ita ya sauka wata ƙasa don jinya ko Umara ya sa layin can, ta yi gum. Masar ma ta ƙara nata shingen a Janairu 2025: wayar da aka shigo da ita ba a biya harajin kashi 38.5 cikin ɗari ba, ana toshe ta daga layukan ƙasar bayan kwana 90. Wannan ba ta sata ba ce, amma mai zirga-zirga tsakanin Wadi Halfa da Alƙahira ya kamata ya sani. Wasu masu gyara sukan goge lambar su rubuta wata, aikin da ya zama laifi a Birtaniya tun 2002. Alamarsa ba ta ɓuya: lambar allo ta saɓa da ta kwali ko ta jikin wayar.

Makullin da ya fi cin kuɗin mutane, duk da haka, ba na kamfanin layi ba ne. Na asusun mai ita na farko ne. Apple ta ɗaure iPhone da asusun iCloud tun 2013, Google ta kawo irinsa ga Android a 2015. Wayar za ta kira, ta ɗauki hoto, ta buɗe WhatsApp, komai daidai. Sai ranar da ta rikice aka kai ta a wanke, ta tashi tana neman adireshi da kalmar sirrin wani mutum da mai sayen bai taɓa gani ba. A iPhone wannan kusan ƙarshen zance ne. Masu cewa za su tsallake makullin sukan dawo da ita tana kama Wi-Fi amma ba ta kira, kuma manhajojin banki da yawa ba sa yarda su hau wayar da aka fasa tsarinta. Mutum ya sayi waya don Bankak, ya ƙare da abin kallon bidiyo.

Akwai kuma wayoyin bashi, irin na M-KOPA a Kenya da Nijeriya, masu rufe kansu daga nesa idan biya ya tsaya. Wanda ya karɓa ya sayar ya yi gaba, allon ya kulle a hannun na uku.

Duk wannan ana gano shi kafin kuɗi ya bar asusu, in mai saye ya yarda ya ɓata rabin sa'a. Ya ciro tiren sim ya duba babu komai shimfiɗe a ciki. Ya sa layinsa na kansa, sannan na wani kamfani dabam, ya kira, ya buɗe intanet da kowanne. Ya gwada lambar *#06# da ta kwali, in da hali ya sa ta a ɗaya daga shafukan duba IMEI. A iPhone, shafin bayanin waya cikin saituna yana faɗa ƙarara ko akwai takunkumin sim. Gwajin da ya fi duka shi ne wanda masu shago ba sa so: a mayar da wayar yadda ta fito daga masana'anta a gaban mai saye, a kunna ta da intanet, a bi ta har ta buɗe ba ta nemi asusun kowa ba. Mai kayan halal ba ya jin tsoron wannan. Wanda ya fara cewa caji bai isa ba, ko "Kawu, ka je gida ka yi a natse," ya riga ya ba da amsa.

Sauran magana ita ce asalin wayar, kuma a garin da kowa ya san gidan da aka wawashe, ba ƙaramar magana ba ce. Dokar laifuka ta Sudan ta 1991 ta hukunta karɓar kayan sata ga wanda ya sani ko yake da dalilin zato, farashin da ya faɗi ƙasa warwas kuwa dalili ne. A fiƙihun Malikiyya da malaman yankin ke karantarwa, mai kaya in ya gane abinsa ya kawo shaida, karɓa zai yi, mai saye kuma ya koma kan wanda ya sayar masa. Komawar ba ta yiwuwa idan dillalin baƙo ne da ya zo cin kasuwa rana ɗaya. Shi ya sa 'yar takarda ke da amfani: sunan mai sayarwa, lambar wayarsa, IMEI, farashi, kwanan wata, da sharaɗin dawo da ita cikin kwana uku in ta kulle, shaida ɗaya ko biyu su sa hannu. Shaidar turawa ta Bankak ma a ajiye hotonta, domin tana ɗauke da sunan asusun da kuɗin ya shiga.