Haya na cin tuwon yara a Difa da Shetimari

Tun daga watan Nuwamban 2014, lokacin da mutanen Damasak suka tsallako kogin Komadugu gudun hijira zuwa Gagamari da Shetimari, wurin kwana ya yi daraja a ƙasar Manga. Harin 6 ga Fabrairun 2015 a kan Difa da Bosso, da kwashe mazauna tsibiran tafkin Chadi a watan Mayun shekarar, suka ƙara cika gari. Wasu suka zauna sansanin Sayam Foraj, da yawa kuwa suka raɓa gidajen 'yan'uwa ko suka kama haya. Jama'a ta ƙaru, ɗakuna ba su ƙaru ba. Dokar ta-ɓaci kuma ta taɓa babur da kifi da tattasai, sana'o'in da ake biyan hayar da su.

Mai gidan haya ba ya jiran a sayar da tattasai. Wata na mutuwa yana bakin ƙofa, don haka magidanci kan fara cire kuɗin haya kafin na cefane. Abin da ya rage shi ake rabawa: girkin rana ya koma kunu, zazzaɓin yaro a kai shi wurin mai tallan magani maimakon likita. Mutum takwas a ɗaki guda cikin zafin Afrilu, tari ya kama ɗaya ya zagaye sauran, ga miji da mata sun rasa inda za su yi shawara ba kunnen yara. Faɗan da ake ɗora wa halin uwargida, sau da yawa asalinsa takardar sallama ce daga mai gidan haya.

Gudun haya kan tura mutum ya sayi fili mai araha a kwari. Ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022 sun nuna mana ƙarshen wannan arahar. Kafin ka ba dillali ko dala, je ma'aikatar magajin gari ka tabbatar an yanka filin bisa ƙa'ida kuma yana da takarda. Hukumar 'yan gudun hijira ta HCR da ƙananan hukumomi, har da Shetimari, sun yanka filaye aka gina gidajen ƙasa marasa azara, sai dai ba su wadaci kowa ba.

In haya za ka kama, a rubuta kuɗin wata da ajiyar da ka bayar a gaban shaidu, ka riƙa karɓar takarda duk biya. Masu gidaje kuma, don Allah ku ba ɗan haya wa'adi kafin ƙarin kuɗi.