Farin Haƙori a Instagram, Ciwon Haƙori a Kemis

Duk mai leƙa Instagram da TikTok a 'yan shekarun nan ya ga yadda asibitocin haƙori masu zaman kansu na Abuja, Kano da Kaduna suka shiga talla ka'in da na'in. Ga hoton baki kafin aiki, ga hotonsa bayan aiki, ga rangwame ga amarya da ƙawayenta. Kusan duk tallar, wanda bakinsa yake lafiya lau ake yi wa. Wannan kuwa a ƙasar da ta jagoranci fafutukar da ta sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya noma, cutar da ke zaizaye bakin yara, cikin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023, kuma har yau asibitin noma na Sakkwato bai rasa yara ba. A ganina likitocin sun juya wa kasuwarsu ta gaskiya baya.

Wasu na ɗora laifin kan yayi, wai matasa sun ga haƙoran da ake sawa a Turkiyya sun ƙyasa. Yayi ba sabon abu ba ne. Tun zamanin haƙorin Makka Bahaushe yake kashe wa bakinsa kuɗi. Abin da ya canza shi ne lissafin mai asibiti. Kujerar aiki, allurar kashe zafi, kayan ciko, wayar daidaita haƙora, dukkansu da dala ake shigo da su. Kafin a saki naira a Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kujerar kuma ba ta motsi sai da wuta, injin tafasa kayan aiki haka, janareta na ta shan mai. Likitan da ya cire haƙori ya karɓi kuɗinsa sau ɗaya ke nan, watakila ba zai sake ganin mai haƙorin ba. Wanda ya sa wa budurwa waya kuwa ya samu mai zuwa duk wata har shekara biyu, tana biya, tana kuma sa hotonta da sunan asibitin. Ko ni ne mai biyan haya a Wuse, na san wadda zan bi.

To amma mai ciwon fa? Ba rashin sanin inda asibiti yake ne ya hana shi zuwa ba. Abu biyu ne: tsoron zafi da tsoron kuɗin da ba a faɗa masa ba. Sai ya tura kanumfari a kogon haƙori, ya wuce kemis a haɗa masa Amoxil da maganin zafi, zogin ya lafa, ya ce tsutsar ta mutu. Ranar da ya iso asibiti kumatu ya kumbura, baki ba ya buɗuwa, haƙorin da ciko zai iya cetowa wata shida baya sai cirewa. Hoton fararen haƙora na ƙara tabbatar masa cewa wurin ba nasa ba ne.

Masu kare tallar suna cewa kuɗin kwalliya ne ke riƙe asibitin har talaka ya same shi a buɗe, kuma wadda ta zo farin haƙori ana gano mata ciwon dasashi a yi mata wanki. Akwai ƙamshin gaskiya. Sai dai ba a gaya wa amarya cewa fatar adon da ake liƙawa sau da yawa sai an kankare saman haƙori, wanda ba ya sake tofowa, ta shiga hidimar gyara ke nan har tsufa. Ƙa'idojin hukumar likitoci ta MDCN sun taƙaita tallar kai, hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON ma ta samu ƙarin iko a dokar 2022, amma bidiyoyin na yawo ba mai cewa uffan. A inuwar wannan shiru ne masu gyaran jiki da ba su taɓa shiga ajin likitanci ba suka fara shafa wa mutane sinadarin farin haƙori a shago.

Asibitin da ke son layi a ƙofarsa, tallarsa ba ta da tsada. Ya rubuta kuɗin kati, na wanki, na ciko da na cirewa ya manna a bango, ya sa a WhatsApp. Likita ya shiga rediyo da Hausa ya bayyana cewa ana kashe zafi kafin a taɓa haƙori, ya tanadi likita mace saboda matan da ba za su buɗe wa namiji baki ba. Ya je firamare da Islamiyya ya duba yara kyauta, don yaron da aka cike wa haƙori bai yi kuka ba, uwarsa za ta kai labarin gidan suna, kuma da ita da maƙwabtanta duk suna da haƙorin da suke taunawa ta gefe ɗaya.