3.4 Cutar Funfuna a Fatar Manomin da Aka Yi wa Dashen Ƙoda

A shekarar 2002 aka fara dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wanda aka yi wa aikin yakan dawwama kan magunguna irin su tacrolimus, masu raunana garkuwar jiki don kada ta ƙi sabuwar ƙodar. A nan matsalar take ga manomin Bakori, domin ƙwayoyin funfuna da ke cikin ƙasa sukan shiga fata ta sukar ƙaya ko tsinin kara, su zama ƙullutu marar zafi da akan ɗauka maruru ne. Sai an yanki ƙullutun an auna ake tantancewa. Hasali ma, itraconazole da ake maganinsa da shi yakan ƙara yawan tacrolimus a jini har ya illata ƙodar, saboda haka wajibi ne likitan ƙoda ya daidaita adadin da ake sha.