Kafin mu hau kwale-kwale a Dadin Kowa

Gombe ba ta da teku, amma wanda ya fita daga cikin gari ya nufi gabas ta hanyar Biu, kafin ya cika kilomita 40 zai tarar da ruwan da ya ishi ido kallo. Madatsar ruwan Dadin Kowa ke nan, a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, wadda aka kammala a 1984 a kan kogin Gongola. Daga nan ake turo wa birnin ruwan famfo, kuma injinan da ke wurin an yi su ne don samar da lantarki megawat 40.

A wuraren shaƙatawa na bakin teku a Amurka ko Masar, baƙo kan ɗaura tabarau na roba, ya kama ɗan bututun numfashi da baki, ya kifa ciki a saman ruwa yana kallon kifaye. Kada wani ya ɗauko wannan ya kawo mana. Gongola tun daga tsaunukan Jos yake kwaso laka, da damina ko tafin hannunka ba ka gani a cikinsa. Ga dorina, wadda manoman yankin suka daɗe suna kuka da ɓarnarta, ga kuma tsargiya da ake ɗauka a ruwan kwance mai dodon koɗi. Nutso a nan sai masunta, su ma da sanin wuri.

Abin da ya dace da mu shi ne yawo a jirgi, kuma a nan ne gyara yake. Yawancin mashiganmu gangare ne mai santsi, babu dakalin da za a ɗaure jirgi, babu mai ƙirga fasinja. Mai fito kuwa kuɗinsa a yawan kawuna yake. Duk mutum ɗaya da aka ƙara, bakin kwale-kwalen na ƙara kusantar ruwa; da iska ta taso, ko aka daki kututture, sai tsoro ya sa jama'a su miƙe su karkata gefe guda. Shi ke nan, ya kife. Mutanen Kano ba su manta da Bagwai ba, inda a ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya nutse a dam ɗin Watari da ɗaliban Islamiyya.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar kariya. Doka dai tana takarda. Rigar nan ba ta koya wa kowa iyo, aikinta kawai ta riƙe kai a sama har taimako ya iso, kuma sau da yawa wannan ya wadatar.

Gwamnatin jiha da sarakunan ruwa su fara da dakali da riguna kafin a kira baƙi. Kai kuma mai karatu, in ka ga jirgi ya cika, jira na gaba.