Ƙaton Gogen Turawa Da Ƙafar Da Ke Ɗaukarsa

A ƙasar Jama'a da kewayenta, daga watan Disamba zuwa lokacin Ista, makaɗa ba su da hutu. Ga bukukuwan Kirsimeti, ga bikin Afan da ake yi a Kagoro ran 1 ga Janairu, ga Tuk Ham a Kwoi, ban da bukukuwan aure da na makarantu. Mai kallo kiɗa kawai yake ji, amma makaɗi ya san rabin wahalar tana kan hanya, watau yadda za a kai kaya filin wasa lafiya a kuma komo da su lafiya. A cikin kayan kiɗa kuwa babu mai wuyar ɗauka kamar ƙaton gogen Turawa da ake kira dabul-bas.

Wannan goge tsawonsa ya kai ƙafa 6, nauyinsa kuma wajen kilo 10. Ba nauyin ne abin damuwa ba, girman ne da rashin ƙwari. Da siraran alluna ake yinsa, a haɗa su da gam. Tsirkiyoyinsa 4 suna ja da ƙarfin da ya haura kilo 100, sun danne jakinsa, jakin kuma ba a manne yake ba. A cikin cikinsa akwai wani ɗan ginshiƙin itace da ke tallafe da allon gaba, shi ma matsi ne kaɗai ke riƙe da shi. Saboda haka girgiza ɗaya mai ƙarfi tana iya kayar da ginshiƙin, ko ta tsaga allo, ko ta ɓamɓare haɗin gam. A shekarun 1950 ƙungiyoyin kiɗan hailaif na Ikko da Akara da shi suke kiɗa, har gitar bas mai lantarki, wadda kamfanin Fender ya fitar a 1951, ta zo ta ture shi. A Arewa ba kasafai ake ganinsa ba, masu gyaransa ma haka. Coci ko makarantar da ta mallaki guda ɗaya, in ya fashe, to ta shiga uku.

Dabarar da makaɗa suka yi ita ce sa masa ƙafa. A gindin gogen akwai sandar ƙarfe da yake tsayawa a kanta. In za a yi tafiya sai a zare ta, a zura sandar wata 'yar taya a ramin, a ɗaure da noti, makaɗi ya jingina wuyan gogen a kafaɗarsa ya tura. To, a nan ne zaɓe yake da muhimmanci, domin duk dutsen da tayar ta taka, kai tsaye bugun yake shiga jikin gogen.

Taya iri biyu ce. Akwai ta roba zalla, wadda ba ta faci, ba ta neman famfo, tana kuma yin shekaru. Akwai mai iska, irin wadda John Boyd Dunlop ya yi wa keken ɗansa a birnin Belfast a 1887. Mai neman abin da zai daɗe, hankalinsa kan tafi ga ta farko. Amma ita kanta take karewa, ba gogen ba. A kan daɓen siminti ba ta da laifi, a kan tsakuwa kuwa ba ta shanye komai. Mai iska ita ce ke shanye girgiza, in dai ba a cika ta ta yi tauri ba. Aibinta ƙaya da ƙusa, amma masu faci suna nan a kowace tasha daga Gidan Waya har Kafanchan, kuɗin faci kuwa ba a haɗa shi da kuɗin gyaran allon da ya tsage. Araha ba ta ado.

Sai kuma girma. Ƙaramar taya takan faɗa kowane rami ta kafe, gogen ya tsaya cik alhali mai turawa bai tsaya ba. Wadda ta kai inci 6, mai faɗin baki, ta fi hawa kan tsakuwa, ba ta kuma nutsewa a yashi ko taɓo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankin da ruwa ke sauka tun daga Afrilu har Oktoba, hanyoyin ƙauyuka su zaizaye.

Abu na uku shi ne sandar. Ramin gindin goge ba ɗaya ba ne, akwai na milimita 8, da na 10, da na rabin inci. Lalle a auna kafin a saya. In sandar ta yi siranta za ta riƙa rawa har ta faɗaɗa ramin, in kuma aka cusa mai kauri da ƙarfi, itacen gindin na iya tsagewa. An fi son sandar da aka fafe gefenta ɗaya, don noti ya kama ta sosai, kada tayar ta juya ta karkace ana tsakiyar tafiya.

Na huɗu boris. Ƙurar hunturu da jar ƙasar damina su ne ajalin boris buɗaɗɗe. Rufaffe ya fi, kuma mai hankali yakan zaɓi lambar da ake samu wurin masu sayar da kayan babur, don in ya ci, a sake shi a ranar.

Akwai kuma wani ɗan keke mai ƙafa biyu da ake ɗaurawa a ƙasan gogen da maɗauri, ba tare da an zare sandar ba. Amfaninsa shi ne bugun hanya ba ya bi ta ramin gindi. Masu walda na gari suna iya ƙera irinsa, muddin an shimfiɗa soso mai kauri inda ƙarfe zai taɓa itace. Wannan hukunci ya shafi kurar da ake ɗora manyan ganguna da lasifika ma: taya mai iska, babba, da shimfiɗa a ƙasa.

Duk da haka taya ba ta maye gurbin hankali. In an zo lambatu ko matakala, ɗaga gogen ake yi. In tafiyar ta mota ce, a kwantar da shi cikin jakarsa, a tallafe wuyan, kada kome ya danne jakin. Kada a sassauta tsirkiyoyin gaba ɗaya, domin ginshiƙin ciki zai faɗi. Kada kuma a bar shi a rana, don zafi yana sassauta gam, bushewar hunturu kuma tana tsaga itace. Makaɗin da ya kiyaye waɗannan, gogensa zai kai bikin baɗi da muryarsa, har ma ya bar wa na baya.